Gwalalon Gonarmu ta Toukra

Gonarmu ta Toukra ba ta taɓa burge ni ba. Ni mutumin kasuwa ne. Rumfata tana Grand Marché, layin masu kayan gini, ina sayar da shebur da diga da ƙusa da igiya, kuma na fi son in sayar da fartanya da in riƙe ta. Da babana ya rasu sai gonar ta faɗo hannuna, ita da wadda ta fi kowa iko a kanta, wato Gwaggo, yayar babana. Sunana ne a takarda, amma ko kuɓewa za a shuka sai an ji ta bakinta.

Labarin yadda aka yi muka sami gonar na ji shi har na haddace. Gwaggo tana da kamar shekara shida aka taso da ita daga ƙasar Hausa, ita da uwarta da ubanta, cikin ayarin masu tafiya Makka a ƙasa. Suka haye kogi, suka yada zango a dajin da yau ake kira Toukra, ciwon ciki ya kwantar da uwar a gindin wata aduwa. Ayari ya jira kwana biyu, ya gaji, ya wuce. A rana ta uku ta cika. Ba kowa a wurin sai mijinta da 'yar yarinya. Shi ya yi mata wanka, shi ya yi mata salla shi kaɗai, shi ya haƙa kabari da 'yar fartanyar da yake tafe da ita.

Mu Hausawa idan muka kwantar da mamaci a ƙaramin ramin da ke cikin babban, sai mu rufe bakin ramin da itace ko da ɓarin tukwane, a toshe kafofi da laka, sannan a tura ƙasa. Gatari ya tafi da ayari, don haka itace bai samu ba. Amma wurin cike yake da fasassun randuna na mutanen dā, ko'ina ka taka sai tsingaro. Sai ya sa yarinya ta riƙa kwaso masa manyan.

"Ina hawa in ɗauko, ina gangarowa in miƙa masa," haka take faɗa kullum, da hannu tana kwatantawa. "Ina hawa, ina gangarowa, har ƙafata ta mutu."

Daga nan suka bi ayari. Sun yi shekaru a Sudan suna tsinkar auduga kafin su ga Makka, a can kakana ya ƙara aure aka haifi babana, a can kuma kakan nawa ya rasu a hanyar dawowa. Gwaggo ta girma, ta yi aure, mijin ya mutu, ta kama hannun ƙanenta ta nufo yamma. Ba ta isa ƙasar Hausa ba. Da ta zo nan ta haye kogi ta yi ta yawo a daji har ta ga aduwa, ta ga tsingaro a warwatse a gindinta, ta ce nan ne. Ta je wurin bulaman ƙauyen na lokacin, ta roƙi filin da ke kewaye da itacen, ya ba ta. Dalilin zamanmu a N'Djamena ke nan, ba wani abu ba. Tun daga ranar, duk Juma'a da hantsi tana zuwa ta share gindin aduwar, ta yayyafa ruwa, ta shimfiɗa tabarma ta fuskanci gabas, ta yi addu'a, sannan ta ba uwarta labarin abin da ya faru a mako. Ba a shuka a wurin, ba a ɗaure jaki, ba a tsallakawa da takalmi.

In faɗi gaskiya, matar da ke kabarin ba kakata ba ce ta jini, kuma ban taɓa jin wani abu a zuciyata game da ita ba. Aikina shi ne in ɗauki Gwaggo daga gidanmu na Klémat in kai ta a mota, in zauna a inuwa ina amsa waya har ta gama. Tana da surutu, uwar kuwa ba ta taɓa katse ta ba, saboda haka wani lokaci sai na yi ta duba agogo kada salla ta wuce ni.

Wata shekara, bayan an gama yankan dawa, bulama ya aiko a kira ni. Na tarar da shi da wani baƙo, siriri, mai furfura a gemu, da hular rana irin ta masu aikin hanya. Aka ce malamin jami'a ne, aikinsa tonon wuraren da mutanen dā suka zauna. Ba ya jin Hausa, da Larabcin gari muka yi magana, kamar yadda kowa ke yi a nan. Ni dai Malam nake kiransa, shi kuma ya laƙa mini Alhaji, ni da ko gabas ban taɓa wuce Abéché ba.

Ya buɗe wata takarda babba, hoton gonakinmu ne daga sama, an ɗauka a ƙarshen damina. Ya sa yatsa ya bi wani zobe mai duhun kore da ya ratsa gonaki huɗu ko biyar, kusan rubu'insa a cikin tamu.

"Ka san wannan?"

Na ce, "Kwarin gonarmu ne. Wa bai san shi ba? Nan ruwa ke kwanciya, nan dawa ta fi yin kyau."

Ya ce ba kwari ba ne na Allah da Annabi, haƙa shi aka yi. Wai akwai gari a tsakiyar zoben tun kafin a san da Fort-Lamy, wato N'Djamena ta dā, mutanen suka kewaye kansu da rami mai zurfi, irin wanda mu muke kira gwalalo a bayan ganuwa. Da suka tashi, ruwa da iska suka yi ta cika shi har ya zama ɗan lotsawar da muke gani. Yana so ya yanka rami ɗaya a kan gwalalon ya ga zurfinsa, ya ga abin da ya faɗa ciki, kafin gidaje su cinye wurin. A nan ya yi gaskiya, don ko a lokacin bulo ya riga ya iso gona ta uku daga tamu.

Na ce ni ba ni da ta cewa sai na ji daga tsohuwa.

Gwaggo ta saurare ni har na gama, tana ɓare gyaɗa, ba ta ɗago ba. Sai ta ce, "Su mutanen Sao ɗin ne suke nema? Waɗanda aka ce ɗayansu yana saɓa giwa a kafaɗa?"

Na ce, "Su fa."

"To in sun same su su gaishe su. Amma kai ɗan nan, dube ni." Na dube ta. "Uwata tana wurin. Ba na son ko bakin fartanya ya taɓa ta. Ta sha wuya kafin ta kwanta, a bar ta ta huta."

"Ba wanda zai taɓa ta, Gwaggo."

"Kai ka faɗa?"

"Ni na faɗa."

Ta ce, "Kalas," ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Haka take rufe magana, da kalmar Larabawan nan, kuma in ta faɗe ta ba a sake buɗewa.

Ranar da za a zaɓi wuri na rufe rumfa na tafi da kaina, don ban yarda da kowa ba. Ai kuwa dama na san za a yi haka. Malam ya riga ya kafa turakunsa, kuma layin da ya ja ya faro ne daga gab da gindin aduwa. Wai nan ƙasa ta fi tudu, yana so ya haɗa cikin gari da gwalalo a rami ɗaya. Na ce ya tumɓuke. Ya fara yi mini bayani, na ce ba bayani nake so ba, akwai kabari a nan, kuma na yi alkawari. Ya dubi gindin itacen, ya dubi tsingaron da Gwaggo ta jera a kewaye, kamar zai ce wani abu, sai ya fasa.

Ya ce, "To nuna mini inda kake so, Alhaji."

Na juya baya ga aduwar na yi yamma, ina ƙirga taku. Da na kai arba'in na ga na shiga tsakiyar kwarin, inda karan dawa ya fi kauri. Na buga ƙafa na ce, "Nan." Ya ɗaga kafaɗa ya ce gwalalo dai duk gwalalo ne. Na koma kasuwa ina jin daɗin kaina, har na ba maƙwabcin rumfata labarin yadda na taka wa malamin jami'a birki.

Aikinsu ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ni da nake sayar da kayan haƙa ya kamata in sani. Sun sayi shebur da diga a wurina, na ɗauka za a yi aiki. Ina! Digar nan kwana ɗaya kawai ta yi amfani, aka jingine ta. Sai suka ja zare suka raba wurin gida-gida kamar za a yi dara, ma'aikata shida daga ƙauyen suka durƙusa da cokalin magina suna kankarar ƙasa kaɗan-kaɗan. Duk ƙasar da aka kwashe sai an tankaɗe ta a rariya kamar garin tuwo. Abin da ya rage a rariyar a zuba a leda, a rubuta lamba. Ramin da mai haƙa masai zai gama kafin la'asar, su sun yi mako ba su kai ƙugu ba. Na ce wa Malam idan haka ake haƙa rijiya da ƙishirwa ta gama da garin nan. Ya yi dariya ya ce shi ba ruwa yake nema ba.

Duk da haka na riƙa leƙawa, don hanyar ba nisa, kuma ina so in tabbata ba wanda ya matsa kusa da aduwa. Abin da suke samu bai kai a kira mutum ba: tsingaro, ƙashin kifi, gawayi, da wata 'yar dabba ta laka da ba a san ko tunkiya ce ko kare ba. Gawayin ne Malam ya fi murna da shi, wai in aka aika da shi wani wuri za a gaya masa tsufansa. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Wata rana ya sauko da ni cikin ramin, ya nuna mini jikin bangon da suka yanka sumul. Gefe da gefe ƙasa baƙa ce ƙirin, irin wadda muke shuka berbere, dawar rani, a kanta, wadda in rani ya yi take komawa kamar dutse. A tsakiya kuwa toka-toka ce, ta sauka kamar bakin ƙwarya. Ya ce in danna. Na danna baƙar, farcena ya kusa karyewa. Na danna ta tsakiyar, yatsana ya shige.

Ya ce, "Ka ga gwalalon ke nan. Duk abin da aka taɓa haƙawa, ƙasarsa ba ta sake yin tauri kamar ta asali. Ko bayan shekara ɗari nawa."

Na ce to, na haura na tafi. Ban kawo komai a raina ba.

Ran wata Laraba, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ina cikin auna wa wani ƙusa, waya ta yi ƙara. Malam ne. Ya ce in zo yanzu, kuma in zo ni kaɗai. Motata tana wurin gyara, na tare ɗan kilando ya goya ni a babur, muka haye gada cikin rana mai zafi.

Na tarar an daina aiki. Ma'aikata suna zaune can nesa a inuwa. Malam yana tsaye a bakin rami, hularsa a hannu. Na leƙa. A ƙasan ramin, an share ƙasa da buroshi fes, ga manyan ɓarin randa a kife, an jera su ɗaya yana hawa bakin ɗaya, tsawon mutum. Tsakaninsu an cusa laka, ta bushe ta yi fari. A ƙarshen layin akwai giɓi, an cire guda ɗaya, ba abin da ake gani a ƙarƙashi sai ƙasa.

Malam ya ce, "Randunan tsofaffi ne, na mutanen garin nan ne. Amma dubi nan." Ya nuna mini wani layi a jikin bango, ya sauko a miƙe tun daga kusa da sama. "Wani ya haƙa wannan bayan gwalalo ya riga ya cika. Ba daɗewa can ba. Mutanen dā na wurin nan a cikin randa suke sa matattunsu, ba haka ba. Wannan jerin ban taɓa ganinsa a irin wurin nan ba. Kai ka san shi?"

Na san shi. Na taɓa ganin an yi wa wani abokin cinikina haka a Damagaram, ina tsaye, har na miƙa laka. Na ɗaga kai na nemi gabas, na sake duban jerin. Daga kudu ya yi arewa, daidai yadda za a kwantar da Musulmi ya dubi alƙibla. Sai na ji muryar Gwaggo kamar tana kusa da ni, ina hawa, ina gangarowa. Na juya na dubi aduwa. Gindinta shimfiɗe yake kamar faifai, ba inda za a gangara. Na ji labarin nan ya fi sau ɗari, ban taɓa tambayar kaina ina take hawa ba, ina take gangarowa ba. Mutum ɗaya, da rani, da 'yar fartanya, ba zai iya fasa baƙar ƙasar nan ba. Dole ya nemi inda yatsa ke shiga.

Sai na yi abin da na saba yi idan kunya ta kama ni, na hau faɗa. Na ce wa ya ce su cire guda ɗaya, ba su da ido ne, ba su san kabari ba in sun gan shi? Malam ya bar ni har na gaji. Ya ce shi ne ɓarin farko da ya bayyana, an ɗauka irin sauran ne, da na biyu ya fito a jere ya tsayar da kowa. Ya nuna mini shi a cikin kwano, babba ne, da ragowar bakin randar a jikinsa, an riga an rubuta masa lamba da baƙin tawada.

Ya ƙara da cewa, a hankali, "Alhaji, nan ɗin kai ka nuna mana."

Da na bar shi ya haƙa gindin aduwa, da ba abin da zai samu sai ƙashin kifi. Ni na ƙirga taku arba'in, ni na buga ƙafa.

Ya ce ba zai ƙara taɓa ko ƙwayar ƙasa ba a wannan gidan zaren, zai matsa da raminsa gaba, abin da ya rage shawarar iyali ce. Na ce a rufe da tamfol, a danne da bulo, kada wanda ya faɗa wa kowa. Niyyata in sa a mayar da ƙasa kafin mako ya zagayo, in yi shiru har abada. Tsohuwa ta haura tamanin, tana da wurinta da ta saba da shi, tana jin daɗinsa. Mene ne amfanin in je in ce mata ta yi kuskure tun kafin a haife ni, kuma ni na sa aka tono uwarta? Na gaya wa kaina tausayinta nake ji. Da gaskiya a ciki, amma tsoron bakinta ya fi yawa.

Laraba da Alhamis na ci abinci a gabanta, ta tambaye ni ko masu neman Sao sun sami giwarsu, na ce tukuna.

Ran Juma'a da hantsi na kai ta kamar kullum. Ba a aiki ranar, Malam kaɗai ne a wurin, yana zaune a kan bokiti yana zane a littafinsa. Gwaggo ta share gindin aduwa, ta yayyafa ruwa, ta shimfiɗa tabarma, ta fuskanci gabas. Na zauna a inuwata. Daga inda nake ina ganinta, ina kuma ganin tamfol ɗin can a bayanta, shuɗi, iska tana ɗan ɗaga gefensa. Ta gama addu'a ta fara labari. Ta ce, "Inna, gwiwar nan dai ta ƙi. Jikar nan tawa ta haihu, namiji. Baƙi suna haƙa a gona, amma kada ki damu, yaron nan ya yi mini alkawari."

Nan na kasa. Na tashi na je na durƙusa a gefen tabarmar.

"Gwaggo."

"Ba ka ga ina magana ba?"

"Ranar da kike kwaso wa kaka ɓarin randa, daga ina kike gangarawa?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta sunanta. Ta buɗe baki, ta ɗaga hannu za ta nuna, hannun ya tsaya a sama. Ta dubi dama, ta dubi hagu. Ta daɗe tana duban ƙasar da ta share yanzun nan. Sannan ta ce, "Me kuka gani?"

Na faɗa mata duka, har da taku arba'in. Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Tashe ni."

Na riƙe ta muka yi yamma, tana dogara sanda. Da ƙasa ta fara lotsawa ta tsaya, ta saki hannuna, ta taka sau biyu ita kaɗai, tana kallon ƙafarta. Ta ce, "Dā ya fi haka zurfi." Malam ya taso da sauri ya gaishe ta da Larabci, ya kira ta Hajiya, ta amsa masa da afe, wato lafiya, ba ta dube shi ba. Ya janye bulo, ya yaye tamfol.

Ta tsaya a bakin ramin ta daɗe. Ni ina kallon fuskarta, ban ga komai ba. Can ta nuna giɓin da sanda ta ce, "Ina na wurin kai?"

Malam ya kawo kwanon. Ta sa hannu ta shafa bakin randar, ta juya shi, ta ga lambar.

"Wannan sai da na ja shi a ƙasa, ya fi ƙarfina. Wa ya yi masa rubutu?"

Na fassara wa Malam. Ya ce shi ne, kuma yana neman gafara, zai goge. Ta ce a bari, tawada ba ta da nauyi. Sannan ta juyo gare ni. "Kai kuma me kake jira? Kawo ruwa."

Na ɗauko jarkar ma'aikata. Ta zauna a bakin rami ta miƙe ƙafa, ta sa na tara mata ƙasa a kwanon, ta kwaɓa laka da hannunta, tana ƙara ruwa kaɗan-kaɗan har ta yi yadda take so. Na tuɓe takalmi na sauka da rigar Juma'ata. Na mayar da ɓarin inda yake, bai zauna ba, ta ce in juya bakinsa ya dubi kudu, na juya, ya zauna daram. Tana miƙo laka ina toshewa. Da na gama Malam ya ɗauko shebur biyu cikin waɗanda na sayar masa, ya ba ni ɗaya, muka yi ta tura ƙasar nan da suka yi kwana tara suna tankaɗewa. Bai yi ko tsaki ba. Gwaggo ta yi addu'a muka shafa, Malam ma ya ɗaga hannu, ban san ko wane addini yake bi ba, ban kuma tambaya ba.

Muka shiga mota, muka bar turɓaya muka hau kwalta. Ta ce kada a ƙara shuka a wurin. Na ce to. Na tuna duk tuwon da muka ci na dawar kwarin nan, da yadda ita da kanta take cewa a ware mata shi daban don ya fi daɗi.

Da muka doshi gada na yi ƙarfin hali na ce, "Gwaggo, ki yafe mini. Na ce ba za a taɓa ta ba."

Ta ce, "An taɓa ta kuwa. Kai ka sa."

Motoci sun cushe a bakin gada, masu babur suna kutsawa ta ko'ina, rana tana dukan gilashi. Sai da muka kai tsakiyar kogi ta sake magana, kuma ba ni take kallo ba.

"Shekara hamsin da wani abu ina ba ta baya. Ina ta zuba, tana jin muryata daga nesa. Ko mutum ɗaya bai ce mini juyo ba."

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban ƙara tambaya ba.

Malam ya yi mako uku yana aiki a sabon raminsa, ya kai ƙasan gwalalo, ya ce ya fi tsayin mutum biyu. Ya kwashe ledojinsa, ya mayar da ƙasa, ya zo har rumfa ya yi mini sallama. Na tambaye shi ko zai sa kabarin a cikin abin da zai rubuta. Ya ce layi ɗaya ne, kuma ba suna. Na ce ai ko ni ban san sunanta ba, Inna kawai nake ji. Na kewaye wurin da bulo jeri biyu, na hana masu noma matsawa.

Juma'ar da ta biyo baya Gwaggo ta share gindin aduwa kamar yadda ta saba. Na ɗauka ta manta, ko ta fasa yarda. Ta ga ina kallonta ta ce, "A nan ta yi jinya, ba zan bar shi da datti ba. Ɗauko tabarmar." Na ɗauko muka yi yamma.

Gangaren bai kai a kira shi gangare ba, yaro zai wuce shi a guje bai sani ba. Amma gwiwarta ba ta iya shi, saboda haka zaman inuwa da amsa waya ya ƙare mini. Duk Juma'a ni nake gangarar da ita, in tsaya a rana har ta gama ba da labari, in hawo da ita. Yanzu ba ta ɗaga murya kamar dā, a hankali take yi, ba na jin abin da take cewa.